Amsa: wace ce Fafetuwa da ake ambata a Masa?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa ake kiran sunan Fafetuwa da Felisita a addu'ar Masa, babbar ibadar cocin Katolika. To, 'yan Afirka ne, mutanen Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. An kashe su a shekara ta 203, zamanin Sarkin Roma Septimiyus Seberus.

Fafetuwa 'yar babban gida ce, shekarunta kamar 22, da jariri a hannu. Mahaifinta ya yi ta roƙonta ta bar bangaskiya. Sai ta nuna masa tulu, ta ce za a iya kiransa da wani suna? Ya ce a'a. Ta ce haka ita ma, Kirista ce. Felisita kuwa baiwa ce mai cikin wata takwas. Ta haihu a kurkuku kwanaki kaɗan kafin a fito da su filin wasa, a sakar musu dabbobi.

Abin da ya fi taɓa ni: da saniya ta tunkuyi Fafetuwa ta faɗi, sai ta tashi ta gyara gashinta, don kada a zaci makoki take yi.

Ana tunawa da su ranar 7 ga Maris. Agustin, babban malamin coci na Afirka ta Arewa, ma ya yi wa'azi a ranar tasu.