Matan da nake horarwa sun kasa natsuwa, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina horar da mata masu ƙananan sana'o'i a Kano: masu ɗinki, masu turaren wuta, masu abincin sayarwa. Aikina in zauna da kowacce mu duba jari da riba, mu tsara abin da za ta yi gaba. Amma yanzu sai mace ta zo ina magana hankalinta yana wani wuri. Wata ta ce ba ta barci, wata ta fashe da kuka saboda bashi. Na yi ta ba su haƙuri, abin bai canja ba. Yaya zan taimaka musu, alhali ni ba likita ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka miki da alheri.

Damuwar matan nan tana da dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura dubu. A ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Matar da ta sayar da kaya yau, gobe kuɗin ya kasa saro mata irinsa, dole zuciyarta ta tashi. Don haka kada ki nufi raba ta da damuwa gaba ɗaya. Ki nufi ta samu natsuwar da za ta iya lissafi da ita.

Ki fara da jiki kafin nasiha. Idan mutum ya hango barazana, jikinsa yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai tsara al'amura ya yi rauni. A wannan hali ko zancen zinari kika yi, ba zai shiga ba. Ki ware minti biyar na farkon zama: a kife waya, ta zauna sosai, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida. Wannan yana kawo numfashi kusan sau shida a minti, kuma tsawaita fitarwar shi ke rage bugun zuciya. Ku yi tare, kada ki tsaya kina kallonta, don za ta ji kunya. Abin ma ba baƙo ba ne a wajenmu: a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya yi fushi yana tsaye da ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

Sai batun haƙuri, inda nake ganin yawancinmu muke gaggawa. Haƙuri gaskiya ne, amma in ya zo kafin ta gama magana, abin da take ji shi ne "ki yi shiru". Ki bar ta ta kai aya, sannan ki mayar mata da abin da kika ji: "Wato tsoronki kada mai kaya ya zo gida ya yi miki tijara a gaban mijinki." Da zarar tsoro ya samu suna, ƙarfinsa yana raguwa. Kuma don Allah kada ki ce mata rashin tawakkali ne. Za ki ƙara mata nauyin zargin kai ne kawai.

Daga nan ki koma fagenki, wato takarda da biro. Bashin da ke yawo a ka cikin dare ya fi wanda aka rubuta girma. Ta rubuta wa ke bin ta, nawa ne, yaushe ta yi alkawari. Ku ja layi: gefe ɗaya abin da ke hannunta, ɗaya gefen abin da ba ya hannunta, kamar farashin dala da kuɗin mota. Daga gefen farko ku zaɓi aiki ɗaya tak kafin zama na gaba. Ta je wurin wanda take sarin yadi a Kantin Kwari ta roƙi ya raba mata biya kashi uku, ko ta nemi uwar adashi ta matso mata da kwasarta. Sau da yawa tsoron haɗuwa da mai bin bashi ya fi haɗuwar kanta ciwo.

Kan barci kuwa, goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari su tsaya daga la'asar, waya kuma ta kwana nesa da matashi. Allah Ya ce a Suratur Ra'ad, aya ta 28, da ambatonSa zukata ke natsuwa. Ki ƙarfafa mata yin tasbihin bayan salla a tsanake, ba a guje ba. In akwai Kirista a cikinsu, ta yi da addu'arta.

Amma ki san iyakarki. Wadda ta kai mako biyu cikin baƙin ciki kusan kullum, ta daina jin daɗin komai, ko ta koma shan tiramadol ko maganin tari mai kodin don ta samu barci, lamarinta ya wuce horarwa. Faɗuwar gaba ma wani lokaci daga ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo take, sai an gwada. In ta ce gara ta mutu ta huta, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai. Ki kira wani nata da ta yarda da shi, a kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau a ranar.