Ƙeyar jariri ba ta gyaruwa da matsi

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya raya mana shi. Kin ce yaron ya shiga wata uku, ƙeyarsa ta baje ta ɓangaren dama, manya kuma sun ce a riƙa danna kan da tsumma mai ɗumi ana mulmula shi, a kuma kwantar da shi rub da ciki. Kina tambaya ko ki bi.

Kada ki bi, amma ki faɗa musu da ladabi, don ƙauna ce ta sa suka ce. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, Allah ya bar su haka don ya iya fitowa lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Maɗigar nan da kike ganin tana bal-bal ba ta rufewa sai wajen wata 12 zuwa 18. Abin da ya baje ƙeyar shi ne kwanciya a kan wuri guda sa'o'i da yawa kullum. Dannawar minti biyar ba za ta warware wannan ba, sai dai a sa shi kuka ko a ƙona masa fata.

Maganar rub da ciki ta fi damuna. Tun 1992 likitocin yara a Amurka suka ce a daina kwantar da jarirai rub da ciki, kuma mutuwar farat ɗaya cikin barci ta ragu ƙwarai bayan haka. Gaskiya ne bajewar ƙeya ta ƙaru, amma ita tana gyaruwa. Barci dai rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo, har wanda ake tallarsa wai na gyaran kai ne.

Idan idonsa biyu, nan aikinki yake. Ki kifa shi a ƙirjinki ko a shimfiɗa kina zaune kusa, minti biyu ko uku sau da yawa a yini, kina ƙarawa a hankali. Za ki ga yana ɗago kai yana nishi, goshi a tattare, ƙarfin wuya yake yi. Wajen kwantar da shi barci kuma, yau ki sa kansa inda ƙafafunsa suke jiya, don jariri wajen haske da murya yake juyawa. Ki riƙa ɗaukarsa, ki sauya hannu wajen shayarwa.

Ki kuma lura da wuyansa. In kullum gefe guda yake kallo, in kin juya shi ya ƙi, wataƙila tsokar wuya ce ta ɗaure, kuma a asibiti za a koya miki motsa ta. In kin shafa kan kika ji tudu mai tauri kamar layi, ko kunne ɗaya ya matso gaba sosai, ko wata biyu sun wuce ba sauyi, ki kai shi likita ya duba, don akwai yaran da ƙasusuwansu ke haɗewa da wuri, wannan kuwa magani daban yake so. Yawanci dai da yaro ya fara juyi da zama, kan yakan soma daidaita.

Ki gaida mini maigidanki.