Tambaya da Amsa: Wace dabba zan ajiye wa yara a gida wadda ba za ta wahalar da ni ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a Bukuru a gidan haya mai ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida. Ina fita da safe, sai bayan la'asar nake dawowa. Yarana biyu, mai shekara 10 da mai shekara 6, sun dame ni da maganar suna son dabba a gida. Babbar zomo take so, ƙaramin kuma aku, don ya gani a gidan maƙwabta. Ni kuwa kifin da ake sawa a gilashi nake tunani, tunda ba shi da hayaniya. Babansu ya ce ba ruwansa in dai ba kare ba ne. Wacce ta fi sauƙin kula? Ina kuma da juna biyu wata huɗu.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raba lafiya, ya raya mana yaran.

Da tsarin gidanki da lokacin fitarki, dabbar da za ta fi yi miki sauƙi ita ce kyanwa, irin tamu ta gida, wadda ta riga ta girma. Sai dai ba yanzu ba. Ki bari sai kin sauka kin yi arba'in. Zan faɗi dalili, amma bari mu fara duba ukun da ke kan teburinku, don kowacce akwai abin da mai sayarwa ba zai gaya miki ba.

Na fara da kifi tunda shi ne zaɓinki. A ido babu abin da ya fi shi sauƙi, amma rayuwarsa duka a rataye take da wuta da ruwa. Tankin kifi yana buƙatar ɗan inji mai tace ruwa yana hura masa iska dare da rana, kin kuma san halin wutarmu. Yawancin ƙananan kifaye masu launi da ake sayarwa 'yan ƙasashe masu zafi ne, suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. Jos kuwa tana kan tudu sama da mita 1,200, da hunturu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ke nan sai an sa abin ɗumama ruwa, shi ma wuta yake ci. Ruwan famfo akwai sinadarin kulorin da ke ƙona musu wurin numfashi, sai an kashe shi da magani kafin a zuba. Ga canjin wani kaso na ruwan kowane mako. Kifin nan mai ruwan gwal yana jure sanyi, amma yana yawan kashi, kuma ƙaramar kwalbar da ake sayar da shi a ciki ta yi masa kaɗan ƙwarai. Abin da ya fi kashe kifi a gidan da ke da yara shi ne ƙauna: kowa ya gifta sai ya barbaɗa abinci, ragowar ta ruɓe, ruwan ya lalace. Sannan yaro ɗan shekara 6 yana son abin da zai taɓa ne. Bayan mako biyu zai daina leƙa tankin, aikin ya dawo kanki.

Aku kuwa ina roƙonki ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya yana iya kai shekara 40 zuwa 60, wato yana iya ganin jikokin ɗanki. Tsuntsu ne mai ƙwaƙwalwa, a daji cikin garke yake rayuwa. In aka bar shi shi kaɗai a keji tun safe har yamma, sai ya kama ihu ko ya dinga fige gashin jikinsa har ƙirjinsa ya zama tsirara. Bakinsa yana fasa ƙwallon 'ya'yan itace mai tauri, yatsan yaro ba komai ba ne a wurinsa. Bayan haka, galibin waɗanda ake yawo da su a kasuwa daga daji aka kamo su, da yawa kuma suna mutuwa a hanya. Yawansu ya ragu har a shekarar 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta sa shi a jeri na farko, na waɗanda ke fuskantar ƙarewa, aka haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Ba na son hannunki a cikin wannan ciniki. Idan tsuntsu ake so dole, kanari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, da sharaɗin a sani cewa feshin maganin sauro a ɗaki, ko na kunnawa mai hayaƙi, yana iya kashe shi a dare guda.

Zomo ya fi waɗannan biyu dacewa da garinmu. Zafi ne babban makashinsa, da zarar ya haura digiri 30 sai ya fara galabaita, shi ya sa masu kiwonsa a Abuja suke shan wahala a watannin Maris da Afrilu, mu kuma a nan Allah ya sauƙaƙa mana. Ganye ma ba ya yanke mana, ga kasuwar ganye ta Farin Gada nan a Jos. Amma mutane suna kuskuren ɗauka cewa karas da kabeji ne abincinsa. Ainihin abincin zomo ciyawa ce da harawa, kullum, ba yankewa, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ciyawar ce ke rage su, ita ce kuma ke sa hanjinsa tafiya. Zomon da ya wuni bai ci ba yana cikin haɗari, a ranar ake kai shi asibiti. Ba ya son ɗauka, ƙashin bayansa kuma ba shi da ƙwari, in yaro ya ɗauke shi ya fizge ya faɗi yana iya karyewa. Ɗaukarsa ta kunne da aka saba yi azaba ce. Yana gaigayar wayar wuta, fitsarinsa yana da ƙarfi, dole a share ɗakinsa kullum. In kuma aka haɗa mace da namiji, cikin zomo kwana 31 ne kacal, ki lissafa da kanki inda za a kai a shekara. Yarinya 'yar shekara 10 mai natsuwa za ta iya riƙe zomo, amma ba zan kira shi mai sauƙi ba, kuma yana kai shekara 8 ko fiye.

Akwai masu cewa a sayi kunkuru tunda ba ya kuka ba ya cizo. Irin na Sahel da ake kawowa ƙarami yana girma ya wuce kilo 40, yana haƙa rami, sanyin Jos ba ya yi masa daɗi, kuma kashinsa yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Ba a ajiye shi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ke kuma jariri kike jira. Biri kam ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

To me ya sa kyanwa? Domin ita kaɗai ce a cikinsu tsarin rayuwarta ya yi daidai da na mai fita aiki. Tana barcin awa 12 zuwa 16 a yini, yawancinsa a lokacin da ba kwa gida, tana farkawa da kuzari da asuba da kuma magariba, daidai lokacin da yara suke nan. Tana wanke jikinta da kanta. Ba a koya mata bayan gida da bulala: ki ajiye faffaɗar roba da yashi mai tsabta a lungu, nesa da kwanon abincinta, ita da kanta za ta je ta binne. Ba ta buƙatar a fita da ita yawo, ba ta buƙatar wuta. Ta ɓangaren addini ma hankalinki a kwance, hadisi ya tabbata cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Haka kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wannan ya kamata yaran su ji shi tun kafin ta shigo gidan, su san amana ce ta shekara 12 zuwa 15.

Na ce babba, kuma ta gida. 'Yar jaririyar mage tana da kyau, amma tana cin abinci sau uku ko huɗu a rana, tana hawa labule, tana yaƙushi cikin wasa, cuta kuma ta fi saurin kayar da ita. Wadda ta kai shekara ɗaya halinta ya riga ya bayyana, za ki gani da idonki ko mai son mutane ce ko mai gudu. Masu dogon gashin nan na waje da ake tallarsu a Instagram da tsada kullum sai an taje su, masu shafaffen hanci a cikinsu kuma suna fama da numfashi da hawaye. Tamu mai gajeren gashi ta saba da yanayinmu, kuma sau da yawa kyauta ake bayarwa. Ki samo daga gidan da kika sani, inda ta tashi cikin yara.

Dalilin jira shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoplazma. Kyanwa tana ɗaukarta daga ɓera ko ɗanyen nama, ta fitar da ita a kashi na ɗan lokaci, galibi ƙananan mage ne ko na titi. Lafiyayyen mutum ba ta cika yi masa komai ba, amma idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ido ko ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ko ta jawo ɓari. Macen da ta riga tana da kyanwa ba ma cewa ta kore ta, sai dai wani ya riƙa kwashe yashin kullum, domin ƙwayar ba ta fara yaɗuwa sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar. Amma kawo sabuwa a tsakiyar ciki ba shi da amfani. Ki sani kuma ana kamuwa da ita ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, don haka ki kula da tsire da salak ko babu kyanwa a gidan.

Watannin nan na jira ba za su tafi a banza ba. Ki kai yaran gidan da ke da mage su yi wasa da ita na 'yan awanni, sau biyu ko uku. Idan wani ya kama atishawa, idonsa ya yi ja, ko ƙirjinsa ya fara shaƙewa, to maganar kyanwa ta tashi, musamman in akwai asma a dangi. Abin da ke tayar da wannan yana cikin yawunta da fatarta ne, aske gashi ba ya maganinsa. Ki kuma tambayi mai gidan da kuke haya, ki yi magana da maƙwabta masu 'yan tsaki. Ina ganin kyanwoyi da yawa da aka sa wa guba saboda kaji, ko saboda camfin da wasu ke yi cewa mage, balle baƙa, tana da alaƙa da maita. Abin yana ci mini rai, domin dabbar ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wadda ke kwana a cikin gida ta fi tsira daga wannan, da mota, da karnukan unguwa.

Idan ta zo, makon farko ki kai ta asibitin dabbobi. Za a ba ta maganin tsutsar ciki, wanda ake maimaitawa duk wata uku, a duba ƙuma da makero, domin makero yana tsallakawa zuwa fatar yara. Za a yi mata allurar rigakafin cututtukan mage guda uku a haɗe, da ta haukan kare, wadda ake fara yi daga wata uku da haihuwa a kuma sabunta duk shekara. Kada ki raina wannan don sunan kare ne a jiki, mage ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Likita ne zai zaɓi allurar, ba kowace ta kare ce ake yi wa kyanwa ba. Ku a Bukuru ma kun yi sa'a, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana nan kusa da ku, likitocin dabbobi ba sa wuya a yankin. Duk ranar da ta ciji yaro ko ta yaƙushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti.

Abu ɗaya da ke raba kyanwa mai sauƙi da mai wahala shi ne aikin hana haihuwa. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, ga kukan neman namiji da ke hana barci. Muzurun da ba a fiɗiye ba kuma yana fesa fitsari mai wari a bango, yana yawon faɗa ya dawo da rauni. Aiki ne na yini ɗaya, sau ɗaya a rayuwa, ki ware kuɗinsa tun yanzu. Kada ki yarda a yi mata allurar tsarin iyali ta mata, tana jawo ruɓar mahaifa.

Abinci kuwa, kyanwa maciyar nama ce zalla. Tuwo da shinkafa kaɗai ba sa riƙe ta, rashin wani sinadari da ke cikin nama yana makantar da ita ya kuma lalata mata zuciya. In aljihu ya ɗauka, busasshen abincin mage na leda ya fi sauƙi, a auna safe da yamma. In ba haka ba, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, kaza, ƙwai, da ɗan hanta jefi-jefi, ba gishiri ba yaji. Ragowar miya ba nata ba ne, albasa da tafarnuwa suna fasa mata jini. Madara tana sa yawancin manyan mage gudawa, ruwa mai tsabta ya ishe ta. Kuma ki ja wa duk mutanen gidan kunne a kan abu uku: farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, maganin kaskar kare mai sinadarin famatirin, shi ma guba ne gare ta, sai maganin ɓera, wanda ke kama ta in ta ci ɓeran da ya ci shi.

Ki raba aikin tun ranar farko. Babbar ta riƙe abinci da ruwa, ƙaramin ya riƙe wasa da ita da igiya ko ƙwallon takarda, ba da yatsunsa ba, kwashe yashi kuma aikin manya ne a gidan, da wanke hannu bayansa. Ɗakin da jariri ke kwana a rufe shi, ko a sa masa gidan sauro a soke gefensa da kyau, domin mage tana son wuri mai ɗumi kuma jariri ba ya iya ture ta. In za ku yi tafiyar Sallah, a samu wanda zai leƙo kullum ya zuba abinci ya canza ruwa ya kwashe yashi, ya fi a ɗauke ta a kai ta baƙon gida, inda takan tsorata ta gudu.