Ina so in je kasuwar baje kolin kayan harbi da farauta: za su bar ni in shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni baduku ne a Birni, nan Damagaram. Ina ɗinka kube, gafaka da ɗamarar harsashi, mafarauta ne masu saye. Na ga hotunan wata kasuwar baje kolin bindigogin wasa da farauta a Amurka, sai na ji sha'awar zuwa da kayana. Kowa na iya shiga? Kuma in na ga bindigar da ta yi mini, zan iya saye in taho da ita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Wadda ka gani, da alama SHOT Show ce, da ake ci kowane watan Janairu a Las Vegas. Tun 1979 ake yin ta, kuma ba ta kowa da kowa ba ce. Kafin a ba ka katin ratayawa a wuya sai ka nuna takardar da ke tabbatar da cewa wannan harkar ce sana'arka. Haka ma takwararta IWA ta birnin Nuremberg a Jamus, wadda ta fara a 1974: 'yan kasuwa kawai. In ba ka da rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji ta NIF, fara da su tukuna, tun kafin ka yi maganar biza, wadda ita ma ba wasa ba ce.

Wanda ya shiga kuwa, abin da ya fara ba shi labari ƙafafunsa ne. Layukan rumfunan Las Vegas in an haɗa sun haura kilomita 20, kamfanoni fiye da 2,000, kwana huɗu. Ba ka jin ƙarar harbi ko ɗaya. Duk bindigar da ke kan tebur an cire mata allurar da ke bugun harsashi. Ka ɗauka, ka auna nauyinta, ka kai ta kafaɗa, ka ajiye. Ko a hakan, in ka juya bakinta wajen mutum ko ka sa yatsa a kunama, nan take mai rumfa zai canza maka fuska. Harbin gwaji a wani fili ake yin sa can bayan gari, kwana guda kafin buɗewa, kuma sai wanda aka gayyata.

Batun saye ka taho da ita, cire shi daga ranka. Ba a sayar da ɗai-ɗai a wurin, oda ake rubutawa tsakanin masana'anta da dillalai masu lasisi. Ko da an sayar maka, akwai izinin fitarwa daga can, akwai na shigowa da na riƙewa a nan Nijar, ga duwan a filin jirgi. A halin tsaron da ake ciki, ba abin da mutum zai gwada ba ne.

In shawarata za ka bi, Abu Dabi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta fi dacewa da kai. Baje kolin ADIHEX, da aka fara a 2003, a buɗe yake ga jama'a, tikiti kawai za ka yanka. Rabin abin da ke ciki ba bindiga ba ne: shahon farauta da ake gwanjonsa, dawaki, raƙuma, karnukan farauta, tantuna, wuƙaƙe. Duk inda shaho da doki suke kuwa, baduku na da abinci. Tsaya ka kalli hular da ake rufe wa shaho ido: 'yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba, amma ɗinkin ciki dole ya kwanta lumui don kada ya taɓa idon tsuntsu, ga zare biyu a ƙeya da mai shi ke ja da haƙori da hannu ɗaya. Wanda ya iya kube mai kama wuƙa daidai ba zai rasa iya wannan ba. Ga safar hannu mai kauri, ga linzami, ga adon sirdi irin na hawan salla.

Zuwan farko kada ka kama rumfa, kuɗinta zai cinye jarinka. Je a matsayin baƙo, da samfuri biyar ko shida mafi kyau, da kati mai lambar WhatsApp, da farashin sari da ka riga ka lissafa har da kuɗin aikawa. Mai saye zai sunsuna fatar kafin ya kalli ado. Jimar bagaruwa abin so ce a wajensu, amma in majemi bai wanke ta sosai ba, warin nan zai kashe cinikin. Zai kuma goga farin ƙyalle a kan jar fatar ya ga ko rini na zuba. Sai tambayar da ke kayar da yawancin masu sana'ar hannunmu: za ka iya kawo 200 iri ɗaya, girma ɗaya, cikin wata uku? In ba za ka iya kai kaɗai ba, daidaita da abokan aikinka tun kana gida.

Kada ka saka komai na fatar kada, mesa ko guza a jaka. Suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma ba tare da takarda ba za a ƙwace, wataƙila har da tara. Tsaya kan akuya, tunkiya da saniya.