Amsa Ga Kawu Kan Jirgin Arewacin Saifurus

(Murya ce aka turo a zauren 'yan uwa, aka mayar da ita rubutu saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum. Kawu barka da yamma, ya gida, ya iyali? Na ji saƙonka, na ce bari in amsa a nan zaure maimakon in kira ka, don na san ba kai kaɗai ke da yaron da ake nema wa makaranta a can ba.

In na fahimce ka daidai, yaro ya samu gurbin karatu a Saifurus, tikitin da aka kawo ya nuna sai ya sauka Istanbul ya canza jirgi, shi kuma ejan ya ce a ɗan dakata, wai an gina sabon filin jirgi, an kusa fara zuwa kai tsaye, kuɗin zai sauko. Kana tambaya a jira ko a saya.

Kawu, kada a jira. Sabon filin jirgin gaskiya ne, Erdogan da kansa ya je ya buɗe shi ranar 20 ga Yuli 2023, an ce zai iya ɗaukar fasinja miliyan 10 a shekara. Na sauka a tsohon ginin lokacin ina karatu, wannan sabon ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma dama can ba gini ne ya hana jirage zuwa ba. Ko da zinare aka shafe shi, daga Turkiyya kawai jirgi zai taso ya sauka a Ercan, wato filin jirgin arewacin Saifurus ɗin da ake magana a kai.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne wace Saifurus ɗin yaron zai je, don guda biyu ce a tsibiri ɗaya. Akwai ta kudu, ta Girkawa, wadda duniya ta sani da Jamhuriyar Saifurus, tana cikin Tarayyar Turai, kuɗinta yuro. Akwai ta arewa, ta Turkawa, kuɗinta lira. Yawancin yaranmu arewa suke zuwa, su Near East, su Eastern Mediterranean da ke Famagusta, su Cyprus International, su Lefke. In ka duba tikiti ka ga ECN, wato alamar filin jirgin Ercan, to arewa ce.

Yadda aka rabu kuwa, a gurguje. Sun samu 'yanci daga Birtaniya a 1960, zuwa 1963 rikici ya ɓarke tsakanin ƙabilun biyu. Ranar 15 ga Yuli 1974 sojojin da ke son haɗe tsibirin da Girka suka kifar da Shugaba Makarios. Bayan kwana biyar Turkiyya ta shigo da sojojinta, zuwa watan Agusta ta riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. Girkawa sama da 150,000 suka gudu kudu, Turkawa wajen 50,000 suka koma arewa. A 1983 Rauf Denktash, jagoran Turkawan tsibirin, ya ayyana arewa a matsayin ƙasa. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 541 ya ce wannan ayyanawa ba ta da tushe, a 1984 ya ƙara da mai lamba 550 ya ce kada wanda ya amince da ita. Har yau Turkiyya ce kaɗai ta amince. Shi ya sa in za ka kira yaron sai ka danna lambar Turkiyya, +90, sannan 392. Wasiƙa ma ta Mersin, wani gari a Turkiyya, take bi.

To yauwa, ga inda jirgi ya shigo. Harkar jiragen sama a duniya tana da yarjejeniya guda da kowa ya sa wa hannu, wadda aka yi a Chicago a 1944. A cikinta an ce kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, babu jirgin fasinja da zai riƙa zirga-zirga zuwa cikinta sai da izininta, kuma ita ke faɗin filin da za a sauka. A idon ICAO, hukumar kula da jiragen sama ta duniya, gwamnatin kudu ce gwamnatin tsibirin gaba ɗaya, har da inda ba ta taka ba tun 1974. Ita kuwa ta ce ƙofofinta na sama Larnaka ne da Pafos, Ercan haramtacciyar mashiga ce. Kamar gidan gado ne, Kawu, da 'yan uwa biyu suka ja katanga a tsakiya. Ɗaya ya fasa ƙofa ta baya yana shige da fice abinsa, amma takardar gida tana hannun ɗayan, kuma duk baƙon da ya zo daga hukuma takardar yake dubawa.

An gwada ta kotu. Kamfanin jiragen Turkawan Saifurus ya kai gwamnatin Birtaniya ƙara a Landan, yana neman izinin tashi kai tsaye, kasancewar akwai ɗimbin 'yan asalin arewa a Ingila. Babbar kotu ta ƙi a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta sake ƙi a 2010, ta ce ba da izinin zai karya yarjejeniyar Chicago. A wannan shekarar ma kamfanin ya durƙushe. Dabarar da ake yi a da, jirgi ya taso daga Landan, ya ɗan taɓa ƙasa a Turkiyya fasinja na zaune a ciki, sai ya sake tashi a matsayin sabon jirgi. A 2017 Birtaniya ta ce saboda tsaro sai kowa ya sauko an sake bincikensa. Dabarar ma ta mutu. Ka ga in Birtaniya, wadda ta mulki tsibirin, wadda har yau take da sansanonin soja biyu a cikinsa, ba ta iya ba, ina ga jirgi daga Kano ko Abuja?

Inda ni nake ganin an cuci Turkawan arewa shi ne 2004. Kofi Annan ya kawo tsarin haɗe tsibirin, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 24 ga Afrilu. Turkawa kashi 65 suka ce sun yarda, Girkawa kashi 76 suka ce ba su yarda ba. Bayan mako guda, ranar 1 ga Mayu, waɗanda suka ƙi ɗin suka shiga Tarayyar Turai, waɗanda suka yarda aka bar su a waje. Turai ta yi musu alkawarin za ta kawo ƙarshen wariyar da ake musu, za a buɗe ciniki kai tsaye. Romon baka. An dai ba su tallafin yuro miliyan 259, amma dokar cinikin tana nan a ajiye, domin wanda ba ya so ya riga ya samu kujera a cikin ɗaki, kuma yana da ikon hawa kujerar na ƙi. Duk dattijon da ka zauna da shi a gidan shayi a Girne, wani gari a arewa, in aka taɓo maganar jirgi, nan zai kai ka.

Ita ma Turkiyya ta rama. Ta ce muddin ba a buɗe wa arewa ba, jirgin sama ko na ruwa mai tutar kudu ba zai shigo mata ba. A kan wannan ne Turai ta dakatar da babi takwas na tattaunawar shigar Turkiyya ƙungiyar a ƙarshen 2006. Kowa ya riƙe wa kowa wuya.

Amma kada in yi son kai, su ma shugabannin arewa suna da nasu. A 2022 shugaban kudu na lokacin, Anastasiades, ya kawo tayi: a miƙa Varosha ga Majalisar Ɗinkin Duniya, wato unguwar otal-otal ɗin nan ta bakin teku a Famagusta da aka killace tun 1974, su kuma su yarda a buɗe Ercan ga jiragen duniya a ƙarƙashin kulawar Majalisar. Ersin Tatar, shugaban arewa a lokacin, ya ƙi. Ya ce karɓar wannan tamkar yarda ne cewa sai da izinin kudu filin jirginsu zai yi aiki. Ka ga a nan za ka gane ba jirgin ake faɗa a kai ba. Da sauƙin tafiya kawai ake nema, da an karɓa. Abin da arewa ke so shi ne jirgi ya sauka da izininta ita kaɗai, don ranar da aka yi haka an amince da ita ƙasa ce ko ba a furta ba. Kudu ma ta san da haka, shi ya sa ba ta sassautawa. Akwai kuma kuɗi, ba a cika faɗa ba: duk Baturen da ya sauka Ercan kai tsaye, ɗakin otal ɗaya ne ya kuɓuce wa kudu. Sannan da yawa daga filayen da aka gina otal a arewa, Girkawan da suka gudu suna riƙe da takardunsu.

Su ejan abin da suke kafa hujja da shi, wai ƙasashen Turkawa da na Musulmi sun kusa amincewa. An daɗe ana jin wannan. Azarbaijan ta taɓa tura jirgi kai tsaye daga Baku a 2005, aka yi ta murna, kudu ta tayar da ƙura a Brussels, magana ta tsaya nan. A 2022 ƙungiyar ƙasashen Turkawa ta ba arewa kujerar 'yar kallo, aka ce to ga shi nan tafe. Sai ga shi a Afrilun 2025, a taron Samarkand, Turai ta sanar da shirin zuba jarin yuro biliyan 12 a tsakiyar Asiya, ƙasashen yankin suka sa hannu a takardar da ta jaddada waɗancan ƙudurori biyu, 541 da 550. Kazakistan da Uzbekistan da Turkmenistan ma jakadu suka naɗa wa kudu. Ta leƙo ta koma. Ƙungiyar OIC ma 'yar kallo ta ba su, babu ƙasar Larabawa ko ɗaya da jirginta ke sauka can.

Wani a zauren nan zai ce ai Taiwan ma yawancin ƙasashe ba su amince da ita ba, ga jirage na zuwa, Somaliland ma jirgin Habasha na sauka Hargeisa. Gaskiya ne. Bambancin, a ganina, su babu ƙudurin Kwamitin Sulhu da ya kira sunansu ya ce kada a taimaka musu, kuma abokin rigimarsu ba ya zaune a cikin Tarayyar Turai. Mu kuma 'yan Najeriya bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Kawu kai ka fi ni sanin lokacin yaƙin basasa, jiragen da ke sauka Uli da daddare daga Sao Tome, da yadda gwamnatin Gowon ta ɗauke su a matsayin keta haddin ƙasa. Ƙasar da ta ga wannan ba za ta ba kamfani izinin tashi zuwa yankin da ya ɓalle ba.

Wani abu da fasinja ba ya gani, rigimar har sama ta kai. Masu kula da zirga-zirgar jirage na Nikosiya, wato na gwamnatin kudu, su duniya ta sani a wannan sararin, amma Ercan ma tana da nata masu ba da umarni, kuma Ankara da Nikosiya ba sa magana da juna kai tsaye. Sai matuƙi ya ji murya biyu, kowa na ce masa ga tsayin da zai bi. Ƙungiyoyin matuƙa sun daɗe suna kuka da wannan. Ba don in tsorata ka ba, jirage na wucewa kullum lafiya. Asalin babban filin jirgin tsibirin kuma, na Nikosiya, yana tsakiyar yankin da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, a rufe tun 1974, har da wani tsohon jirgi da ke fake a wurin yana ruɓewa.

Yanzu an samu canji, a Oktoban 2025 Tufan Erhurman ya kayar da Tatar, shi kuma mai ra'ayin a koma teburin sulhu ne. Allah ya sa a dace. Amma an kai gab da sulhu a taron Crans-Montana na Siwizalan a 2017 aka watse, don haka ni ba zan ɗaga karatun yaro ina jiran wannan ba.

Abin yi dai, a sayi tikiti ɗaya tun daga Abuja ko Legas har Ercan, kada a raba shi biyu don neman sauƙi, saboda in jirgin farko ya makara kamfani ne zai ɗauki nauyi, kaya ma su wuce kai tsaye. Daga Istanbul tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. A tambayi ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja maganar biza kafin a biya ko sisi, da ta shiga arewa da ta ratsawa, don ƙa'idar 'yan Najeriya ta fi ta wasu tsauri kuma tana canzawa. Kada wani ya ce a bi ta Larnaka wai ya fi kusa. Wannan bizar kudu yake buƙata, kuma takardar makarantar arewa ba ta da daraja a wurinsu, suna iya juyo da shi daga filin jirgi.

Sannan a ja wa yaron kunne sosai. Wanda ya shigo ta Ercan da fasfo ɗin Najeriya, a wurin kudu ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ba zai tsallaka ba. Da yawa an yi musu ungulu da kan zabo, an ce musu Turai za su, suka sayar da fili, suka je suka tarar ba Turai ba ce. Wasu suka tsallaka layin a ɓoye suka ƙare a sansanin masu neman mafaka na Pournara. A 2021 wasu 'yan Kamaru sun shafe watanni a tanti a tsakanin iyakokin biyu, ba gaba ba baya, sai da Fafaroma ya kai ziyara aka kwashe su zuwa Italiya. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a arewa, in matsala ta taso babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa a kusa, kuma a 2020 NIDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, ta fito ta gargaɗi iyaye kan tura yara can. Ba ina cewa kada ya je ba, mu ma can muka yi, kuma akwai makarantu masu kyau. A dai tabbatar kwas ɗin yana da amincewar hukumomin tantance jami'o'i, wato YÖDAK ta arewa da YÖK ta Turkiyya, a kuma bincika a Ma'aikatar Ilimi a Abuja ko za su karɓi takardar in ya dawo bautar ƙasa.

Ka sa ya ɗauki hoton takardar gurbin da tikitin ya turo min ta gefe, ba a zaure ba, in duba su yau da daddare in Allah ya yarda. Kuɗin makaranta kuma a asusun jami'a za a zuba, kada a ba ejan a hannu. Na gode Kawu, a huta lafiya.