Anti, ina zan samu lokacin saƙa leshina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce, ina da miji da yara uku, autan shekararsa 2. Na koyi saƙa leshi na hannu a intanet, irin wanda akeyi da ƴan sandunan katako akan matashi ana kakkafa fil, wallahi inason abin nan har raina amma yau wata 4 kenan ban taɓa shi ba, kullum sai ince sai ranar hutu, ranar hutun tazo kuma wanki da gyaran gida su cinye ta. In haƙura ne sai yaran sun girma?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. A'a, kar ki haƙura, hannu yana mantuwa, kuma yadda kikayi maganar nan naji abin yana sanyaya miki rai, irin wannan ba a ajiye shi shekara goma.

Ni a ganina jiran ranar hutun nan shi ya cuce ki. Mace mai aiki da yara uku bazata samu awa uku a jere ba, amma minti 15 tana samu kusan kullum. Abin da ke hana ki amfani da shi shine kafin ki ɗauko matashin daga inda kika cusa shi, ki warware bobin ɗin (ƴan sandunan katakon nan da ake naɗa zare a jiki) da suka sarƙe, ki gano inda kika tsaya, lokacin ya ƙare. To nan zaki gyara. Duk sanda zaki tashi, ki jera bobin ɗin yadda suke ki ɗaure su da ribon ko roba don kar su cakuɗe, ki danna fil ɗin su shige sosai, ki rufe da ƙyalle mai tsafta, ki rubuta a ƴar takarda inda kika tsaya. Gobe yaye ƙyalle kawai zakiyi ki ci gaba. Sai dai don Allah a ɗora shi can sama inda autan nan bazai kai ba, fil da yaro mai shekara 2 abin tsoro ne.

Kuma ki tuna duk saƙar bobin motsi biyu ne kacal, gicciyawa da murɗawa, su ake ta maimaitawa, shiyasa take yarda a yi ta kaɗan kaɗan. Ki ajiye babban aiki tukuna, ki ɗauki ƙaramin zane irin na Torchon, wanda ake yi akan layuka a tsare, duk inda kika gama ɗan lungu ɗaya wurin tsayawa ne. Ɗan siririn abin saka alama a littafi ko bakin hankici ya isa, ki gama shi kiga abinki a hannu. Naɗa zare a bobin kuwa baya buƙatar natsuwa, kina zaune kina duba yara suna aikin makaranta kina naɗawa.

Maganar jinkiri kar ta dame ki. Tun ƙarni na 16 da sana'ar ta bunƙasa a Italiya da yankin Flanders na Beljiyam ta yau, a hankali ake yinta. A 1809 John Heathcoat ya fito da injin saƙa ragar leshi a Ingila, tun daga nan sauri ya koma hannun inji, ke da kike yi don jin daɗinki ba wanda kike tsere da shi.

In kina da hutun rana a ofis ko doguwar tafiya a mota, ki gwada tatin, wanda akeyi da ƴar ƙaramar ƙoshiya da zare, ƙulli ɗaya ne zaki koya kuma duk kayan suna shiga jaka. Ko leshin kwarashi in kin iya. Matashi a gida, ƙoshiya a jaka.

Sai maigida. Kar kice masa kawai "bana samun lokaci", bazai san me zai yi ba. Ki faɗa masa takamaimai, dare biyu a sati, rabin awa, ya riƙe yaran. In da dare zakiyi ki samu fitila mai haske sosai da zare mai ɗan kauri, ki shimfiɗa ƙyalle mai duhu ƙarƙashin bobin ɗin, farin zare siriri yana gajiyar da ido musamman ga wadda ta wuni gaban kwamfuta.

Yau dai ki fara da ɗauko matashin ki warware shi, ko saƙa ɗaya ba sai kinyi ba. In kin gama na farkon ki turo mana hotonsa, inason gani.