Tambaya da Amsa: Matsi Yana Sauya Kc Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An ba mu aiki kamar haka: an zuba mol 1 (mol ma'aunin yawan sinadari ne) na iskar haidurojin da mol 1 na tururin aidin a rufaffen mazubi mai cin lita 1, a zafin da Kc, wato lambar daidaiton haɗin, yake 49, ana so mu nemo yawan HI, iskar da haɗuwarsu ke samarwa, bayan haɗin ya daidaita. Sannan malaminmu ya ce ƙara matsi ba ya sauya Kc, alhali littafinmu ya ce matsi yana ƙara yawan amoniya. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗiyata. Malaminki da littafinki duk gaskiya suka faɗa, kuma lissafin da aka ba ki shi ne zai nuna miki dalili.

Haɗin shi ne H₂ + I₂ ⇌ 2HI. Idan aka ce ya daidaita, ba ana nufin ya tsaya ba ne. HI yana ci gaba da samuwa yana kuma wargajewa, sai dai saurin tafiya da na dawowa sun zama ɗaya. A wannan hali, Kc shi ne rabon da ake samu in aka ɗora murabba'in kaurin HI (yawan mol a lita) a sama, aka sa kaurin H₂ sau kaurin I₂ a ƙasa. Ki ɗauka mol x na haidurojin ya shiga haɗin. Aidin ma x zai ragu, HI kuwa 2x zai samu, saboda haka (2x)² ÷ (1 − x)² = 49. Tun da ɓangarorin biyu duk murabba'i ne, ki ɗauki tushensu: 2x ÷ (1 − x) = 7, wato 9x = 7, x kuma 0.778. HI ke nan mol 1.556 a lita, haidurojin da aidin kowanne 0.222. Ina roƙonki ki saba mayar da amsarki cikin lissafin: 1.556² shi ne 2.42, 0.222² kuma 0.0493, in kika raba za ki ga kusan 49 ta dawo. Wannan ɗan binciken yana kama kuskuren da ya fi ka da ɗalibai, wato mantawa da ɗora 2 a kan HI.

Yanzu ki matse mazubin ya koma rabin lita. Kaurin kowace iska zai ninka, sama ya ninka sau 4, ƙasa ma sau 4, rabon yana nan 49, babu abin da zai motsa, domin mol biyu ne a hagu, biyu a dama.

Amoniya daban take: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, mol huɗu suna komawa biyu. Idan aka rage mazubi zuwa rabi, sama zai ninka sau 4, ƙasa kuwa sau 16, sai rabon da ake kira Q ya faɗo zuwa kashi ɗaya bisa huɗu na Kc. Dole haɗin ya ci gaba da samar da amoniya har Q ya sake kamo Kc. Kin ga amoniya ta ƙaru, Kc bai gusa ba. Hasali ma tsayuwarsa ce ta tilasta ƙaruwar. Wannan shi ne abin da Bafaranshe Henri Le Chatelier ya bayyana a 1884, cewa haɗin da ya daidaita yakan karkata ne zuwa inda zai rage tasirin sauyin da aka yi masa. A ganina ɗalibin da ya iya kwatanta Q da Kc ya fi wanda ya haddace ƙa'idar kawai samun tabbas.

Zafi kaɗai ke sauya Kc. Samuwar mol 2 na amoniya tana fitar da zafi kimanin kilojul 92, don haka ƙara zafi yana rage Kc. Amma a sanyi haɗin yana da nawa ƙwarai, shi ya sa masana'antun da ke bin hanyar Fritz Haber da Carl Bosch, wadda aka fara aiki da ita a Jamus a 1913, suke tsayawa a wajajen digiri 450 na ma'aunin Salsiyos da matsi kamar ninki 200 na iskar sarari, tare da baƙin ƙarfe a matsayin mai hanzarta haɗin. Ƙarfen yana hanzarta tafiya da dawowa ne daidai wa daida, bai taɓa Kc ba. A zagaye guda kimanin kashi 15 cikin ɗari ne ke zama amoniya, sai a sanyaya ta ta zama ruwa a kwashe, a mayar da sauran iskar ta sake zagayawa.